KALLON NAMUN DAJI DA KIYAYE LAFIYARSU

Jawabi ga jama'ar Zuba, Yankin Babban Birnin Tarayya



 Abin da ke tafe da mu yau shi ne maganar namun daji da mutanen da ke zuwa kallonsu, watau 'yan yawon buɗe ido. Wataƙila wani ya ce a ransa, ina ruwan mutumin Zuba da giwa, alhali ko a mafarki bai taɓa ganin sawunta a gonarsa ba? Amsar ita ce, Zuba mararraba ce. Nan hanyar Kaduna da ta Lokoja da ta cikin birnin Abuja suka haɗu. Direbobinku ne ke ɗaukar baƙi, malamanku ne ke kai ɗalibai yawon gani da ido, kuma ta irin waɗannan hanyoyi ne ake wucewa da abin da aka kashe ko aka kama a daji. Saboda haka kuna da hannu a cikin wannan al'amari, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Maganar da muke so ku riƙe guda ɗaya ce. Dabbar da aka bari da ranta tana iya ciyar da gari shekara da shekaru ta hanyar kuɗin masu kallo, wadda aka harbe kuwa yini ɗaya ake cin moriyarta. Amma shi kansa kallon, in ba a sa masa iyaka ba, yakan yi ɓarnar da ta kusa ta bindiga.

ABIN DA MUKE DA SHI, DA ABIN DA MUKA RASA

A duk ƙasar nan babu inda ya yi suna wajen kallon namun daji kamar Yankari, da ke ƙasar Alkaleri a Jihar Bauchi. An keɓe wannan daji cikin 1956, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga watan Disamba, 1962. Cikin 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan cikin 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Kogin Gaji ya ratsa ta tsakiyarsa, kuma a can ne maɓuɓɓugar nan ta Wikki take, wadda ruwanta ke da ɗumi dare da rana, rani da damina. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada, da tsuntsaye iri-iri. Har ila yau Yankari na ɗaya daga cikin wurare biyu, shi da gandun Tafkin Kainji, inda zaki ya rage a Nijeriya.

To, amma bai kamata mu yi ta yabon abin da ya rage ba tare da tuna abin da ya salwanta ba. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye cikin 2024, an bayyana cewa waɗanda suka rage a ƙasar nan duka tsakanin 300 ne zuwa 400, alhali shekara talatin kafin nan sun wuce 1,000. Garken da ya fi girma a cikinsu shi ne na Yankari, shi ma bai wuce 100 zuwa 150 ba. Giwa kuwa ba akuya ba ce da za ta haihu kowace shekara. Wata 22 take ɗauke da ciki, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sāke haihuwa. Abin da maharbi ya ɗauke cikin dare ɗaya, sai an yi shekaru kafin a mayar da shi.

Ku dubi kuma raƙumin dawa. Irin wanda ake samu a Afirka ta Yamma, masana sun fara bayyana shi a rubuce cikin 1898, daga wani da aka harbe kusa da Lokoja, watau ƙarshen wannan hanya da ta wuce ta ƙofarku. Yau duk faɗin dazuzzukanmu babu garkensa. Wanda ke son ganinsa sai ya ƙetara Jamhuriyar Nijar.

YADDA KALLO KE CUTAR DA DABBA

Mutane da yawa suna tsammanin in dai ba a ɗauki makami ba, ba a cuci dabba ba. Ba haka abin yake ba. A Yankari lokacin da ya fi daɗin kallo shi ne rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, domin a sa'an nan ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi sun taru bakin Kogin Gaji. Amma fa lokacin nan ne suka fi wahala. Giwa babba tana bukatar ruwa fiye da lita 100 kowace rana. In motoci suka tare mata hanyar mashaya, ko masu kallo suka yi ta hayaniya, sai ta juya da ƙishirwarta. In abin ya yawaita sai ta sāke hanya, ta fita daga gandu, ta faɗa gonakin mutane, inda rigima ke jiranta.

Hanya ta biyu ita ce ba dabba abinci. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki ya san halin bikaken wurin, watau manyan biran nan masu kan kare. Sun saba da abincin mutane har sukan fizge leda a hannun baƙo, su shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Ba da wannan hali aka halicce su ba, mutane ne suka koya musu shi da gutsuren burodi da ayaba. Dabbar da ta daina tsoron mutum takan yi cizo, dabbar da ta yi cizo kuwa ƙarshenta a kashe ta. Ke nan wanda ya miƙa mata abinci don tausayi shi ya fara haƙa mata kabari.

Hanya ta uku ita ce ƙazanta da wuta. Leda da roba in dabba ta haɗiye su sukan toshe mata ciki, kamar yadda kuke gani ga tumaki da shanu a cikin gari. Guntun taba guda da aka jefa cikin busasshiyar ciyawa lokacin hunturu yana iya cinye kiwon da garke zai yi wata guda yana ci.

DARASI DAGA TEKU

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba, kuma akwai wani misali daga ƙasashen bakin teku wanda ya fito da ita fili. A cikin tekuna masu ɗumi akwai wani kifi da Turawa ke kira wel-shak, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya. Tsawonsa yakan wuce mita 12, watau ya kai tsawon babbar motar safa, jikinsa kuwa duk ɗige-ɗige ne farare. Duk da girman nan ba ya cin mutum. Bakinsa yake buɗewa yana tace ƙananan halittun ruwa. Ba ya fara haihuwa sai ya yi wajen shekara 25 ko fiye, kuma cikin 2016 aka sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, domin yawansa ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 75. Saboda sanyin halinsa, mutane sukan biya kuɗi mai yawa don su shiga ruwa su yi iyo kusa da shi.

Bari mu kwatanta wurare biyu. A gaɓar Ningalu, yammacin Ostireliya, hukuma ta tsara abin tun yana ƙarami. Jiragen da aka ba lasin ƙididdigaggu ne. Jirgi ɗaya kaɗai ke kusantar kifi a lokaci guda, kuma ba ya wuce minti 90. Masu iyo ba sa wuce mutum 10 a ruwa. Tilas su bar mita 3 tsakaninsu da jikinsa, mita 4 tsakaninsu da wutsiyarsa. Ba a taɓa shi, ba a hawansa, ba a tare masa gaba, ba a ba shi abinci. Kifin na zuwa da lokacinsa kowace shekara, ya tafi da lokacinsa, sana'ar kuwa ta ɗore shekaru masu yawa.

A garin Oslob na ƙasar Filifin kuma, tun daga 2011 masunta suka fara zuba wa kifayen nan abinci kowace safiya don su tsaya kusa da gaɓa. Baƙi suka yi ta tururuwa har suka kai dubban ɗaruruwa a shekara, garin ya sami kuɗin da bai taɓa samu ba, wannan gaskiya ne. Amma masu bincike sun tarar wasu kifayen sun rage tafiye-tafiyensu na ɗabi'a, sun koyi bin kwalekwale suna jiran abinci, kuma mafi yawansu suna ɗauke da tabon gogayya da jirage. Kifin da ya koyi cewa jirgi abinci ne, wata rana zai nufi jirgi mai inji, farfela ta sare shi.

Mu ba mu da teku a Arewa, amma in kun sa giwa ko bika a madadin kifin nan, kun sa mota a madadin jirgi, za ku ga labarin ɗaya ne. Abin da ya raba wuraren nan biyu shi ne, a ɗaya an sa mutum ya bi tsarin dabba, a ɗaya kuwa an sa dabba ta bi sha'awar mutum.

IYAKOKI HUƊU

Daga irin waɗannan darussa ne masu kula da gandayen daji a duniya suka fitar da iyakoki huɗu, waɗanda ya kamata kowane direba da kowane malami mai jagorantar ɗalibai ya haddace.

Na ɗaya, iyakar yawa. Kowane daji yana da adadin mutane da motocin da zai iya ɗauka a rana. In ma'aikata suka ce a jira wasu su fito, to, a jira. Ba wulaƙanci ba ne.

Na biyu, iyakar nisa. Kada a shiga daji sai da ɗan jagora na hukuma, kuma inda ya ce a tsaya nan za a tsaya. Kada a sauka daga mota, kada a bar hanyar da aka shata, kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. In giwa ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai tana kaɗa shi, gargaɗi take yi, sai a ja da baya a hankali.

Na uku, iyakar lokaci. A kalla kaɗan a wuce, musamman a bakin mashaya. Ba a busa ƙaho, ba a kunna rediyo, ba a jifa don dabba ta motsa a ɗauki hoto.

Na huɗu, iyakar hannu. Ba a ba dabba abinci, ba a taɓa ta, ba a ɗaukar ƙwai ko ɗan tsuntsu ko ƙaho, kuma duk abin da aka shiga da shi a fito da shi.

Akwai wata jarraba da ke fuskantar direba, gara mu faɗe ta a fili. Baƙo yakan ce, "Direba, matsa kusa kaɗan, zan ba ka na goro." Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wannan ɗan goro ba zai biya motar da giwa ta kife ba, balle ran da ke cikinta.

HAƘƘIN MAƘWABTAN DAJI

Duk iyakokin nan ba za su yi amfani ba in mutanen da ke zaune gefen daji suna ganin dabba abokiyar gaba ce. Mu sa kanmu a matsayin manomin ƙasar Alkaleri. Ya yi noma, dawa ta nuna, cikin dare ɗaya garken giwaye ya tattake abincin shekara. Da safe ya ga motocin baƙi suna wucewa, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Ran da maharbi ya zo neman wanda zai nuna masa hanya, wa kuke tsammani zai nuna masa?

Saboda haka ne aikin da aka yi a Yankari ya haɗa da maƙwabta. Tun 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta haɗa hannu da ƙungiyar nan ta kare namun daji mai suna WCS wajen tsaron gandun. An ƙarfafa sintirin ma'aikatan daji, an ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda ke nuna inda garke yake ta tauraron ɗan'adam, an kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan kewaye su riƙa ba da labari da zarar giwaye sun doshi gonaki. Bayan watan Mayu na 2015 an yi shekaru a jere ba a sami labarin an kashe giwa don haurenta a gandun ba. Wajibi ne a nan mu tuna da ma'aikatan daji, domin akwai waɗanda suka rasa rayukansu a bakin wannan aiki.

Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da abin koyi. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Dosso, raƙuman dawa suna yawo ne cikin gonakin mutane, ba cikin shinge ba. Cikin 1996 guda 49 kaɗai suka rage a duniya duka. Gwamnati ta tsananta hana farautarsu. Mutanen yankin suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, ya zama baƙo ba ya shiga sai da ɗayansu. Ƙungiyoyin da ke kula da dabbobin suka haƙa rijiyoyi, suka ba da ƙananan rance, domin manomin da raƙumin dawa ya ci wa wake ya ga shi ma yana da riba. Kafin 2018 yawansu ya wuce 600. A ƙarshen wannan shekara aka ɗauki guda 8 aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a gan su ba.

A ƙasar Ruwanda kuma, inda ake zuwa kallon manyan biran nan gorila, mutum 8 kaɗai ake bari su ziyarci garke guda a rana, awa ɗaya tak, kuma tun 2017 kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga ake ware wa ƙauyukan da ke gefen daji don makarantu da asibitoci da ruwan sha.

SAI DA ZAMAN LAFIYA

Kada kuwa a ɗauka kuɗin baƙi kaɗai zai riƙe daji, domin baƙo raɓa ne. Ran 9 ga watan Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ɗaya daga cikinsu shugaban ƙungiyar 'yan jagora. Nan take ƙafar baƙi ta ɗauke. A wannan shekara kuma annobar korona ta rufe tafiye-tafiye a duniya baki ɗaya. A nan gida rashin tsaro ya hana masu kallo shiga gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari shekaru da dama. Abin lura shi ne, dajin da ma'aikata da masu kallo suka ƙaurace wa, miyagu ne ke gaje shi. Tsaron gandu da tsaron hanya abu ɗaya ne, kuma ku mutanen hanyar Kaduna kun fi kowa sanin haka.

Darasi biyu ke nan. Na farko, tilas gwamnatoci su riƙa biyan ma'aikatan daji da ba su kayan aiki ko akwai baƙi ko babu. Na biyu, baƙon da ya fi ɗorewa shi ne ɗan ƙasa. Cikin 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da dazuzzuka goma su zama gandayen ƙasa, a cikinsu har da Falgore a Jihar Kano, da Kogo a Jihar Katsina, da Allawa a Jihar Neja, da Marhai a Jihar Nasarawa, da Pandam a Jihar Filato. In waɗannan wurare za su rayu, da 'ya'yanmu za su rayu, ba da Turawa kaɗai ba.

ABIN DA AKE BUKATA GA MUTANEN ZUBA

Ku direbobi, in an yi shatar motarku zuwa Yankari ko wani gandu, ku binciki lafiyar hanya tukuna, ku bi umarnin ɗan jagora, ku tanadi buhun zuba shara a mota. Kada ku karɓi kayan da ba ku san abin da ke ciki ba. Tun 1985 aka kafa dokar da ta hana fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa da sassan jikinsu, aka ƙara tsananta hukuncinta cikin 2016. A watan Janairu na 2024, a nan Abuja, Gwamnatin Tarayya ta niƙe hauren giwa wajen tan biyu da rabi wanda aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri. Kowane haure a cikin tulin nan a mota ya yi wani sashe na tafiyarsa.

Ku 'yan kasuwa da matafiya, kada ku sayi ɗan biri ko aku ko kunkuru da ake tallarsa a bakin hanya, kada kuma ku biya don a ɗauke ku hoto da dabbar da ke ɗaure da sarƙa. Galibi sai an kashe uwar kafin a sami ɗan, kuma kuɗin da kuka bayar shi ke mayar da mai kamun daji gobe.

Ku malamai, ku koya wa yara iyakokin nan huɗu kafin a hau mota. Ku fara da abin da ke kusa, kamar Dutsen Zuma da hotonsa ke jikin takardar naira ɗari, da Gurara inda ruwa ke gangarowa. Yaron da ya koyi barin wuri da tsabta a Gurara ba zai jefa wa bika burodi a Wikki ba.

Ku shugabannin addini, kun fi mu sanin cewa dabba amana ce. An ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, da mutumin da aka gafarta wa saboda kare da ya shayar. Muna roƙonku ku riƙa tuna wa jama'a.

Jama'a, kakanninmu sun ga raƙumin dawa a ƙasar nan, mu sai labari. Mu kuma Allah ya sa mun tarar da sauran giwaye. Ko jikokinmu za su gan su da idonsu, ko su ma labari za su ji, wannan ya dogara ga irin ladabin da muka shiga daji da shi, da irin adalcin da aka yi wa maƙwabtansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati za ta yi nata, ku ma ku yi naku.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya.